Gwiwar Hagu da Amanar Dillali: Lamarin Bobby Orr

Ranar 8 ga Nuwamba, 1978, Bobby Orr ya tara 'yan jarida a Shikago ya shaida musu cewa ya ajiye sanda. Shekararsa 30 kacal. Gwiwarsa ta hagu ta sha wuƙar likita har ta kai ƙashi na gugar ƙashi. Kowa ya tausaya masa, amma ba wanda ya ji masa tsoron talauci, domin shi ne mutum na farko da ya taɓa sa hannu a kwantiragin dala miliyan guda a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka. Da aka miƙa wa wani akanta mai zaman kansa takardun dukiyarsa, sai lissafi ya fito da abin da ba a zata ba: duk abin da ya mallaka bai wuce dala dubu 456 da 'yan kai ba, bashin haraji da na lauyoyi da na akantoci da ke wuyansa kuwa ya haura dala dubu 469. Gwanin da ake cewa ba a taɓa yin ɗan baya kamarsa ba ya fita daga wasa ba ƙafa, ba aljihu.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Fili ne na daskararriyar ƙanƙara, tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 85, an kewaye shi da katangar katako da gilashi. Kowane ɓangare mutum shida ne: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. A ƙasan takalminsu akwai siririn ƙarfe kamar wuƙa, da shi suke sulɓi. Abin da suke bugawa da sanda wani ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, faɗin inci uku, kaurin inci ɗaya, har daskarar da shi ake yi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Don sauƙin magana, idan faifan ya shiga raga zan ce an ci ƙwallo. Doka ta yarda ka bangaje wanda ke riƙe da faifai da kafaɗa ko da ƙugu, ka matse shi da katanga in ka ga dama. Wanda ya ci ƙwallo yana da maki ɗaya, wanda ya ba shi ya ci shi ma yana da maki ɗaya, kuma da waɗannan maki ake auna hazaƙar ɗan wasa a kaka.

Aikin ɗan baya a wancan zamani sananne ne: ka tsaya a gida, ka tare, ka bangaje, in ka ƙwato faifai ka miƙa wa 'yan gaba. An yi 'yan baya masu ɗan leƙawa gaba, irin su Eddie Shore da Red Kelly da Doug Harvey, amma koci yakan ɗaure fuska idan ya ga ɗan bayansa ya wuce tsakiyar fili da faifai. Kafin Orr, mafi yawan makin da wani ɗan baya ya taɓa tarawa a kaka guda shi ne 59, na Pierre Pilote.

Yaron Parry Sound

An haifi Orr ranar 20 ga Maris, 1948, a Parry Sound, wani ɗan ƙaramin gari a bakin ruwa a lardin Ontario, inda hunturu kan daskarar da kogi yara su mayar da shi filin wasa. Mahaifinsa Doug ma'aikaci ne a masana'antar nakiya. A gaba yaron ya fara wasa. Wani tsohon ɗan wasan NHL mai suna Bucko McDonald, da ya zama kocinsa, shi ya ajiye shi a baya, amma bai ɗaure shi a can ba. Ya bar shi ya riƙa ɗaukar faifai daga bakin ragarsu yana tafiya da shi har ragar abokan hamayya. Dabarar McDonald a fili take: wanda ke baya yana ganin fili gaba ɗaya, ga shi kuma 'yan baya sun fi daɗewa a kan ƙanƙara, to me zai sa ka ɓoye yaron da ya fi kowa gudu a wani lungu na gaba?

A 1961 masu farautar 'yan wasa na kulob ɗin Boston Bruins suka je wata gasar yara a Gananoque don duba wasu yaran daban, sai idonsu ya faɗa kan wannan siririn. Ɗaya daga cikinsu, Wren Blair, ya mayar da gidan su Orr wurin zuwansa har iyayen suka amince yaron ya sa hannu da Bruins a 1962. Cikin abin da aka yi yarjejeniya a kai har da mota da yi wa gidan yaɓe. Yana ɗan shekara 14 ya shiga ƙungiyar matasa ta Oshawa Generals, yana gwabzawa da samari 'yan 19 da 20.

A tsarin lokacin, yaron da kulob ya riga ya kama tun yana ƙarami ba shi da bakin magana. Abin da manaja ya yanka masa shi zai karɓa. A nan Alan Eagleson ya shigo. Lauya ne daga Toronto, ɗan siyasa kuma, mai kaifin baki da rashin kunyar manya. A 1966 ya zauna da manajan Bruins, Hap Emms, wanda da farko ya ƙi ko kallonsa, ya matsa har sai da aka ba yaro ɗan shekara 18 albashin da ba a taɓa ba sabon shiga ba. A yi wa Eagleson adalci a nan: wannan zama ya buɗe wa 'yan wasa da yawa ido. Shekara guda bayan haka, a 1967, ya zama shugaban zartarwa na sabuwar ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasan NHL. Tun daga ranar Orr ya ɗauke shi kamar yaya. Albashinsa, harajinsa, jarinsa, komai ya bar a hannunsa, shi dai a ba shi kuɗin kashewa ya je ya yi wasa.

Wasa kuwa ya yi shi. Kafin zuwansa, Bruins ta shekara bakwai a jere ba ta kai zagayen neman kofi ba. A kakarsa ta farko ya tara maki 41, ya ci kyautar Calder ta gwarzon sabon shiga. Harry Howell, wanda ya ci kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya a shekarar, ya ce ya ji daɗin da ya same ta yanzu, don daga baɗi ta zama ta Orr. Bai yi ƙarya ba. Sau takwas a jere Orr ya ɗauke ta, daga 1968 zuwa 1975.

Wanda ya kalli tsofaffin hotunan bidiyon wasanninsa zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Orr zai ɗauki faifai a bayan ragarsu, ya ɗan yi jinkiri kamar mai tunanin abin da zai saya a kasuwa, har ɗan gaban abokan hamayya ya taso masa. Sai ya zagaya raga, taku uku ya kai ƙarshen gudunsa, ya bar mutum yana kallon lamba 4 a bayan rigarsa. Idan an kori ɗan ƙungiyarsu na minti biyu suka rage mutum ɗaya, maimakon ya buga faifan can nesa kamar kowa, sai ya riƙe abinsa yana kewaya fili da shi, mutum biyar na binsa, lokaci na tafiya. In hari ya lalace kuma, shi ne na farkon komawa gida. Abin da ya sa koci bai iya hana shi ba ke nan.

A kakar 1969 zuwa 1970 ya tara maki 120, ninkin abin da Pilote ya kafa har da ɗoriya, ya ci kyautar Art Ross ta wanda ya fi kowa maki a gasar. Har yau shi kaɗai ne ɗan bayan da ya taɓa cin ta, kuma sau biyu ya ci, na biyun a 1975 da maki 135. A kakar 1970 zuwa 1971 ya kai 139, 102 daga ciki na bayarwa ne. Masu ƙorafi sukan ce ai a 1967 aka faɗaɗa gasar daga ƙungiya shida zuwa 12, sababbin kuma raunana ne, ga shi yana tare da Phil Esposito mai cin ƙwallo kamar hauka. Gaskiya ne. Sai dai sauran 'yan baya ma da raunanan nan suka yi wasa, kuma a kakar da ya tara 139 babu ɗayansu da ya kai rabin haka.

Ranar da aka fi tunawa da ita ita ce Lahadi 10 ga Mayu, 1970, a zauren Boston Garden. Wasa na huɗu ne na ƙarshen gasar Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da St. Louis Blues, an tashi uku da uku, aka shiga ƙarin lokaci. Daƙiƙa 40 da farawa, Orr ya tare faifai a gefen katanga, ya tura wa Derek Sanderson a bayan raga, ya kutsa gaba, Sanderson ya mayar masa, ya zura ta tsakanin ƙafafun gola Glenn Hall. A daidai lokacin sandar Noel Picard ta ɗaga masa ƙafa, ya tashi sama a kwance, hannuwa a miƙe, baki buɗe. Mai ɗaukar hoto Ray Lussier ya kama shi a haka. Rabon Boston da kofin tun 1941. Sun sake ɗauka a 1972 a hannun New York Rangers, kuma sau biyun Orr ne gwarzon zagayen.

Gwiwa

Salon da ya ɗaga shi, shi ya cinye shi. Orr da hagu yake bugu, amma a gefen dama yake tsayawa. Idan ya taho da gudu ta dama zai karya ya nufi raga, sai ya sa ƙafar hagu a gaba ya kare faifai da ita, hannun hagu na ture mai tsaro. Duk wanda ya rasa yadda zai tsayar da shi, gwiwar nan ce ta fi kusa da shi. Ga katanga, ga ƙarfen raga, ga faifan da yake tarewa da jiki. Zauren Boston Garden ma ya fi sauran filaye ƙanƙanta, wurin kaucewa kaɗan ne.

Tun a Disambar 1966, kakarsa ta farko, Marcel Pronovost na Toronto ya buge gwiwar. Daga nan aka shiga zagayen da bai ƙare ba: rauni, tiyata, dawowa da wuri, wani raunin. Likitancin lokacin ma ya taimaka wajen ɓarnar. Aikin gwiwa ta ɗan ƙaramin rami da kyamara bai yaɗu ba tukuna, tsaga ta ake yi gaba ɗaya, kuma idan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya yage, cire shi ake yi a yar. Ciwo zai lafa na ɗan lokaci, ɗan wasa ya koma fili, amma an cire matashin da ke hana ƙashi cin ƙashi. Kowace tiyata tana sayo masa kaka ɗaya ko biyu, tana rage masa shekaru a ƙarshe. Saboda gwiwar bai buga shahararrun wasanni takwas da Kanada ta yi da Tarayyar Sobiyet a 1972 ba. A kakar 1975 zuwa 1976 wasa goma kawai ya iya yi.

Dillali mai hula uku

A wannan hali kwantiraginsa da Boston ya zo ƙarshe. Iyalan Jacobs sun sayi kulob ɗin a 1975, kuma sun san darajar sunan Orr ko da gwiwa ko babu. Cikin tayin da suka yi akwai abin da ba a saba ji ba: hannun jari na sama da kashi 18 cikin 100 na kulob ɗin. Eagleson ya ƙi tayin. A watan Yunin 1976 Orr ya sa hannu da Chicago Black Hawks, shekara biyar a kan dala miliyan uku. Shugaban kulob ɗin, Bill Wirtz, aminin Eagleson ne.

Orr ya ce shi ba a taɓa gaya masa maganar hannun jarin ba, abin da dillalinsa ya nuna masa shi ne Boston ta gaji da shi. Wani abin mamaki, maganar ba a ɓoye take ƙwarai ba, don Eagleson da bakinsa ya faɗa wa 'yan jaridar Toronto a lokacin, yana cewa bai ga dacewar ɗan wasa ya zama mai kulob ba. Shugaban Bruins, Paul Mooney, ya taɓa samun Orr yana motsa jiki ya nemi su keɓe ya bayyana masa tayin, Orr ya ƙi saurarensa, a zatonsa so ake a shiga tsakaninsa da Eagleson. Iyakar yardar ke nan. Mutum ya toshe kunnensa da hannunsa don kada ya ji abin da zai sa ya zargi wanda ya riƙa kamar ɗan'uwa.

Kafin ya fara wasa a Shikago ya buga wa ƙasarsa gasar Kofin Kanada ta 1976, wadda Eagleson ɗin ne dai ya shirya. Abokan wasansa sun ce da safe da ƙyar yake takawa, da dare kuma ya fi kowa. Ya tara maki tara a wasa bakwai, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Darryl Sittler ya ce Orr a kan ƙafa ɗaya ya fi kowa a kan biyu. Wannan ce wutar ƙarshe. A shekara uku wasa 26 kawai ya yi wa Shikago, kuma ya ƙi karɓar albashin wasannin da bai buga ba. Jimillar abin da ya bari: wasa 657, ƙwallo 270, maki 915.

Sai maganar kuɗi. Eagleson ya kafa wani kamfani da sunan Orr, albashi na shiga can don a rage haraji. Hukumomin haraji na Amurka da na Kanada duka suka ƙi amincewa da tsarin, bashin shekaru ya faɗo kan ɗan wasan. Jarin da aka zuba masa a wurare daban-daban bai kai abin da aka riƙa gaya masa ba. A 1980 suka raba gari.

Da sauƙi a ce sakacin Orr ne, kuma yana da nasa kason. Shi da kansa bai musa ba. Amma ni a ganina wanda ya tsaya nan bai taɓo tushen ba. Hula uku Eagleson ke sawa a lokaci guda. Shi ne dillalin 'yan wasa da dama, wanda ya kamata ya matsa wa masu kulob su biya da tsada. Shi ne shugaban ƙungiyar ƙwadagon, wanda ya kamata ya sa ido a kan dillalai, wato a kan kansa. Shi ne kuma mai shirya gasannin ƙasa da ƙasa, sana'ar da ba ta yiwuwa sai masu kulob sun ba shi aron 'yan wasansu, don haka yana buƙatar su fiye da yadda yake buƙatar kowane ɗan wasa. To idan dillalinka ya cuce ka, wa za ka kai wa ƙara? Ƙungiya. Wa ke ƙungiya? Shi. Ga shi a lokacin albashi sirri ne, ba wanda ya san abin da na kusa da shi ke karɓa, balle ya gane an sayar da shi da araha. Yawancin 'yan wasan kuma tun suna 14 ko 15 suka bar gida, karatu bai yi nisa ba, an horar da su a kan bin na gaba ba tare da tambaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurar ce ma ke gode wa gardin.

Inda asiri ya tonu

Ba hukuma ce ta fara bankaɗo lamarin ba, ba kuma manyan jaridun Toronto ko New York ba. Wani ɗan jarida ne, Russ Conway, na wata ƙaramar jarida mai suna Eagle-Tribune a jihar Massachusetts. A 1990 ya halarci taron tsofaffin 'yan Bruins na cika shekara 20 da cin kofi, ya ji suna ta gunaguni a kan ɗan abin da ake ba su na fansho. Ya bi diddigi, da taimakon tsohon ɗan baya Carl Brewer da abokiyar zamansa Susan Foster, waɗanda suka daɗe suna tara takardu ana yi musu kallon masu neman rigima. Rahotannin suka fara fita a 1991. Suka nuna yadda aka riƙa ba abokai rancen kuɗin ƙungiya, da yadda aka riƙa tatsar 'yan wasan da rauni ya kashe wa sana'a kafin a biya su inshorarsu, da yadda kuɗin tallan da ake liƙawa a katangar fili a gasar Kofin Kanada ke zirarewa. Hukumar FBI ta shiga, aka tuhume shi a Amurka a 1994.

A watan Janairun 1998 Eagleson ya amsa laifi uku na zamba a kotun Boston, aka ci shi tarar kusan dala dubu 700. Washegari ya amsa wasu uku a Toronto, aka yanke masa wata 18, ya yi shida ya fito. Aka soke lasisinsa na lauya, aka ƙwace lambar girmamawa ta ƙasa da Kanada ta ba shi. A lura, ba a kan hannun jarin Boston aka ɗaure shi ba. Wannan magana ta tsaya tsakanin bakin Orr da nasa. Amma Orr na cikin tsofaffin gwanaye kusan 20 da suka ce in ba a fitar da Eagleson daga zauren karrama gwarazan hoki ba, to a cire nasu sunayen. A watan Maris na shekarar ya sauka da kansa kafin a kore shi. Shi kuwa Orr tun 1979 aka shigar da shi zauren yana ɗan shekara 31, aka yafe masa jiran shekara uku da doka ta tanada.

Kafin nan abubuwa sun riga sun fara canjawa. Tun 1990 'yan wasa suka amince a riƙa bayyana albashin kowa, kuma farashinsu ya tashi nan da nan. Bob Goodenow ya karɓi shugabancin ƙungiyar ƙwadagon a 1992, daga baya aka kafa tsarin tantance dillalai kafin su wakilci kowa. A kan ƙanƙara ma ba a koma gidan jiya ba. Paul Coffey ya ci ƙwallo 48 a kakar 1985 zuwa 1986, ya wuce 46 na Orr, amma ya tsaya a maki 138, saura ɗaya. Yau kulob ba ya ganin ya cika sai da ɗan baya mai iya tafiya da faifai irin Cale Makar ko Erik Karlsson.

Orr ya sake gina dukiyarsa a hankali ta hanyar tallace-tallace da hulɗa da kamfanoni. A 1996 ya shiga sana'ar da ta cuce shi, ya zama dillalin 'yan wasa, kuma kamfaninsa ne ya wakilci fitaccen ɗan wasa Connor McDavid lokacin da ya shigo gasar. An yi masa dashen gwiwar roba da ƙarfe. A 2010 aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a ƙofar sabon zauren Boston, yana shawagi kamar yadda hoton 1970 ya kama shi. Shi kuwa Derek Sanderson, wanda ya miƙo masa faifan a ranar, giya da ƙwaya sun cinye masa miliyoyin da ya samu har ya kai ga kwana a benci a wurin shaƙatawa a New York. Orr na cikin waɗanda suka ɗauke shi suka kai shi asibiti, ya biya kuɗin magani. Da Sanderson ya warke, aikin da ya kama a Boston shi ne ba matasan 'yan wasa shawara a kan yadda za su adana kuɗinsu.